Layin Dogo a Goshin Sajan

Mahaifiyata tela ce. Shekara talatin da wani abu tana zaune a kujera ɗaya, a ɗaki mai taga ɗaya, tana taka wani baƙin keken ɗinki da ya girme ni, kuma ya fi ni riƙe aiki. A waje Mama Tela ake ce mata. A gida kuwa Sajan ce, ko da yake ba ta taɓa sa kaki ba sai dai ta ɗinka wa wasu. Baba ne ya raɗa mata sunan, saboda fuskarta.

Akwai layi biyu a tsaye tsakanin girarta. In tana cikin daɗin rai suna kwance abinsu. Da an taɓa ta sai girar ta haɗe, layukan su yi zurfin da za ka iya ajiye tsinken ashana a ciki bai faɗi ba. Ita ta ce zura zare a allura ne ya jawo mata, tun tana 'yar shekara sha huɗu tana yi wa wani tsohon tela ramin maɓalli. Baba ya ce ƙarya ne, da su aka haife ta, ungozoma ma sai da ta ba ta haƙuri. Ni kuma na ce ni na ƙara musu zurfi, kuma ba wanda ya taɓa yi mini musu. Na bar makaranta sau biyu, na yi gyaran waya wata huɗu, na yi aski wata biyu har ranar da na fitar wa wani mutum hanya a tsakiyar kai. Rediyo take ce mini, don ba a kashe ni sai batir ya ƙare.

Baba mai tsaron ƙofar jirgin ƙasa ne, a inda layin dogo ya ratsa titi. Tuta biyu ce aikinsa, ja da koriya, sai ƙarfen da yake saukewa ya tare motoci. Shi ya sa layukan goshinta ma layin dogo yake ce musu. Kullum da safe in ta kawo shayi, sai ya juya da cokali, ya ɗauki jiƙaƙƙen cokalin nan ya tsoma a gwangwanin sukari yana kallonta. Girar ta haɗe. Sai ya miƙa babban yatsa ya ɗora a wurin, ya murza a hankali.

"Sajan, buɗe ƙofa jirgi ya wuce."

Ta doke hannun. "Mai Tuta, tsufa ya zo, hankali bai iso ba."

Haka na taso na gani. Sukarin gidanmu bai taɓa zama gari ba, kullum a dunƙule yake kamar tsakuwa.

Ba mace ce mai kwalliya ba. Man shafawa ɗaya take saye, wanda kwalbarsa ta fi girma. Madubin ɗakin ɗinkin na kwastomomi ne, ita in ta tsaya gabansa to gefen rigar wata take dubawa. Taka keke ya fito mata da wasu siraran jijiyoyi a bayan gwiwa da idon sawu, ja da shuɗi, kamar an zubar mata da ragowar zare a ƙarƙashin fata. Da yamma takan ɗora ƙafafun a kan bokitin da aka kife, ta ce in miƙo mata ruwa, in kuma rufe bakina na minti biyar. Ruwan dai ina kawowa.

Ciwon Baba da buta ya fara. Mun neme ta kwana biyu, muka same ta cikin akwatin kayansa, a naɗe da riga. Muka yi dariya, har da shi. Daga nan sai ya fara fita da sassafe da tawul a hannu, ya je bakin titi yana tsayar da motoci, alhali ya yi shekara tara da yin ritaya. Likitan asibiti ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ya ba da magani, ya kuma ba Mama umarni: kada a yi masa musu, kada a yi masa tsawa, kada a ɗaure masa fuska. A riƙa yi masa murmushi.

Mama ta karɓi maganar nan kamar awon kwastoma, ba ƙari ba ragi. Washegari Baba ya tsoma cokali a sukari, ta washe baki ta ce, "Ba komai." Murmushin bai zauna mata ba ko kaɗan, kamar rigar aro. Baba ya dube ta, ya dubi cokalin, ya ajiye.

Cikin 'yan watanni ya daina sanin ta. Ni yana sanina wani lokaci, wani lokaci in zama ƙanensa da ya rasu tun kafin a haife ni. Amma ita, da ke yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta sa masa maɓallin riga, sai ya riƙa kallonta kamar wadda ta zo karatun mitar wuta. Ya ciro hoton aurensu daga bango ya sa a aljihun gaba. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

"Don Allah kun ga wannan? Sajan. Ta fita ba ta dawo ba."

Tana nan zaune a kan keke, taku uku tsakaninsu.

Sau biyu kawai ya dawo mata a wannan shekarar. Na farko ranar da ya kifar da shayi a kan farin yadin wata kwastoma. Ta juyo kafin ta tuna da likita, sai ya ce, "Yi haƙuri, Sajan, zan saya wani." Na biyu ranar da take wanke ni tas saboda na bar aikin wankin mota, ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Sajan, ƙyale yaron nan, kanki zai yi ciwo." Duk sau biyun sai da ta shiga bayi ta daɗe. Muka ce maganin ne ya fara aiki. Har na je na yi wa mai kemis godiya.

Maganar da ta ɓata komai daga bakina ta fito, kuma wasa nake yi.

Akwai wata kwastomarta, matar wani mai sayar da tayoyi, wadda na san ta girmi Mama da shekara biyar ko fiye. Ta zo karɓar ɗinki, goshinta sumul kamar bayan cokali. Ta ce wai wani asibitin fata take zuwa, allura ce 'yar ƙarama, ba yanka ba ɗinki, minti goma an gama. Tana fita na ce, "Mama, wannan guga aka yi mata har da sitaci. Ke ma ki je a goge ki mana. Baba budurwarsa ta hoto yake nema, ke kuma kullum kakarta kike kawo masa."

Na riga na kauce, don na san tef ɗin awo zai biyo ni. Bai zo ba. Keken ne ya tsaya. Ta ɗan jima tana kallon allura, sannan ta ci gaba da takawa.

Bayan mako guda ta ce in sa rigar kirki in raka ta. Maƙwabciyarmu ta zauna da Baba.

Asibitin yana hawa na uku, a saman wani kantin tabarau. Sanyin na'ura, fararen kujeru, da hotuna bibbiyu a bango: fuska a yamutse, fuska a miƙe. Mama ta zauna a bakin kujera da jaka a cinya kamar wadda aka kira ofishin shugaban makaranta, wurin da na sha kai ta. Likitar matashiya ce mai sanyin murya. Ta kunna wata fitila mai zagaye, ta matso da ita.

"Mama, ɗan ɓata rai in gani."

Mama ta gwada. Shekara guda tana murmushin dole, fuskar ta manta hanya.

"Ƙara dai."

Na ce, "Mama, na manta ban gaya miki ba. Aikin kantin nan ma na bari tun ranar Litinin."

Layin dogo ya fito gaba ɗaya, har da tasha. Likita ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce, "Yauwa, riƙe haka," ta ɗauki farin fensir ta ɗiga wuri biyar. Ni na ciro wannan ɓacin ran da bakina, ina jin kaina gwani. Ban san shi ne na ƙarshe da Baba zai iya gani ba, kuma ba ya wurin.

Ba zan ɗora wa likitar nan laifi ba. Ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce allurar tana kwantar da naman da ke tattare gira ne, sai ya daina motsi. Ta ce sai kamar mako biyu zai kama sosai, ya yi wata uku zuwa huɗu, sannan ya sake a hankali. Ta ce in ya shiga ba a fitar da shi, sai dai a jira. Har ta tambaya, "Mama, me ya sa kike so? Ke kika ga dama, ko wani ne ya matsa miki?"

Mama ta ce, "Akwai mai nemana ne."

Likita ta yi murmushi, ta ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Da Mama ta hau gadon, zanenta ya ɗan ja sama, likita ta ga jijiyoyin ƙafar. Ta ce waɗannan ma ana yi, akwai allurarsu, akwai kuma wani haske da ake haska musu su dushe.

"Bar su," in ji Mama. "Mai neman nawa ba ya duba ƙasa."

Sau biyar aka soka. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mace da allura ta huda wa yatsa sau dubu.

Kwanakin jiran nan ba ta zauna banza ba. Ta ari hoton daga aljihun Baba lokacin da yake barcin rana, ta kafa shi a jikin keke, ta ɗinka riga irin ta ciki sak, har da ƙananan maɓallai shida a wuya. Kowace safiya goshin na ƙara kwanciya. Ranar sha biyu ya zama sumul, sai ɗan zane kamar ninkin da aka bi da dutsen guga. Gaskiya ta yi kyau. Ta koma kamar ƙanwar kanta. Na ce, "Mama, in kika fita haka sai na riƙe sanda." Ta ce in yi mata shiru, amma ta daɗe a gaban madubin kwastomomi, karo na farko da na ga haka.

Ta sa rigar, ta ɗauki tiren shayi, ta shiga. Ina bayanta.

Baba ya ɗago. Ya yi ƙoƙari ya miƙe tsaye, yana gyara wuyan riga.

"Sannu da zuwa, Malama. Zauna mana. Matar gidan ta ɗan fita, amma yanzu za ta dawo." Ya juyo gare ni. "Kai, kawo wa baƙuwa kujera."

Na kawo. Ta zauna. Ta zuba masa shayi, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Ya juya da cokali, ya goge shi tas a gefen tire, ya ajiye. A gaban baƙuwa ba a wasa da sukari.

Ta ce wataƙila sai ya saba. Ta sa rigar kwana huɗu a jere.

A rana ta biyar ta fita sayo zare, ni kuma da aka bar wa tsaro ina waje ina gardamar ƙwallo. Ta dawo ta tarar Baba ya ɗauki babban almakashinta, ya yanka jan yadin wata kwastoma gida huɗu, ya ɗaura ɗaya a jikin muciya. Tuta yake yi. Yadin ba a samun irinsa, kuma jibi za a zo karɓa.

Abin da ta haɗiye shekara guda ya fito a lokaci ɗaya. Ta manta da likita, ta manta da murmushi. "Mai Tuta, me na yi maka? Me na yi maka a duniya? In yi maka wanka, in yi wanki, in yi ɗinki, sannan ka bi ni da almakashi?" Muryar Sajan ce, tsohuwar, wadda ke sa karen maƙwabta shiga ƙarƙashin mota.

Baba ya saki muciyar. Na ga wani abu ya motsa a idonsa. Ya ɗaga hannun dama, babban yatsa a gaba, ya nufi goshinta. Ya kai rabin hanya ya tsaya. Yana dubawa, yana dubawa. Murya na faɗa, ido ya cika da hawaye, amma tsakanin girar nan shiru, ko gezau. Yatsan ya ɗan yi yawo a iska kamar mai neman makunnin fitila a bangon da ba nasa ba. Sannan ya sauke hannun.

"Malama," ya ce a hankali, "in matata ta zo za ta biya ki. Tela ce."

A nan na gane. Na zaro hoton daga aljihunsa na kai bakin taga. Shekara nawa ina wucewa ta gaban hoton nan ban taɓa dubawa da kyau ba. Baba na dariya har kunne. Ita kuwa, yarinya 'yar shekara ashirin, ta haɗe gira tana hararar mai hoto. Layukan suna nan, ƙanana, sababbi.

"Mama, me mai hoton nan ya yi miki?"

"Cewa ya yi in jingina da kafaɗarsa a gaban mutane." Ta karɓa ta duba. Ta daɗe. Sai ta kai hannu ta shafa goshinta, ta zauna a kan bokitin nan da take ɗora ƙafa.

Ba yarinta yake nema ba. Ranar shayi da farin yadi, ranar wankin mota, ba magani ba ne. Mun ɓoye masa matarsa shekara guda da murmushi, da muka ga bai isa ba muka je muka sa aka goge ta.

Washegari muka koma hawa na uku. Wannan karon Mama ta faɗi gaskiya duka. Likita ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce da ta sani da ba ta yi ba. Ta ce babu allurar da ke warware wannan, sai lokaci. Wata uku, wataƙila huɗu.

Mama ta ce, "To. Ai na iya jira."

Ta mayar da abin aiki. Kowace safiya kafin ta taɓa keke sai ta tsaya gaban madubi tana ƙoƙarin haɗe gira, kamar mai tura motar da ta mutu. Ni kuma aka ba ni aikin da aka haife ni dominsa: in ɓata mata rai. Na sha ruwa a kofinta. Na zauna a kan yadin da ta goge. Na ce zan auri 'yar mai tayoyi in kawo ta nan ɗakin. Takan ji haushin har wuya, ta juya ga madubi da sauri ta ce, "Ya motsa?" In ce, "Kamar dai ya ɗan motsa." Ta ce, "Maƙaryaci."

Wata rana ta ɗauki fensirin gira ta zana layi biyu da kanta. Ta shiga da shayi tana muzurai. Baba ya dube ta da tausayi, ya laluba aljihu ya ciro hankici.

"Malama, kin shafa baƙi a goshi."

Ta karɓa ta goge. Ta ce, "Na gode." Ni na fita waje, don dariya ta taso mini tare da wani abu daban, ban san wanda zai riga fitowa ba.

A mako na tara tari ya kama shi. Muka ɗauka mura ce. Kwana uku ya koma zazzaɓi, aka kwantar da shi, aka ce ciwon huhu ne. Ɗaki ne mai gado shida, nasa na bakin taga. Mama ta kawo kujerar roba ta kafa a gefensa, ta zo da ɗinkin hannu tana yi. Ma'aikatan jinya suna ce mata "matar mai gado huɗu". Shi kuma yana gaya musu wata baiwar Allah ce mai kirki da ke taimakonsa kafin iyalinsa su zo.

Akwai ƙaramin madubi a jakarta yanzu. In ya yi barci sai ta ciro ta gwada. Ranar Talata ta ce in duba da kyau. Na duba. Girar hagu ta ɗan ja, kamar gashi ɗaya. Wannan karon ba ƙarya na yi ba. Ta ce, "Saura kaɗan ke nan." Ta gyara masa bargo ta ce, "Ka ji, Mai Tuta? Saura kaɗan."

Ranar Alhamis da hantsi ya farka, idonsa tar, har ya sha shayi rabin kofi. Ya kamo hannunta.

"Malama, kin yi mini ɗawainiya. Allah ya saka."

"Amin."

"In kin ga matata, za ki gane ta. Tana da layi biyu a nan." Ya taɓa nasa goshin. "Kullum kamar za ta ci mutum, amma ba ta da komai a ciki. Ki ce mata na jira, na jira. Barci nake ji."

Ta tattara duk ƙarfin da ke jikinta ta kai goshi, har jijiyar gefen kanta ta tashi. Girar hagu ta ɗan ja. Shi ke nan abin da aka samu.

"Zan gaya mata," ta ce.

Kafin la'asar ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Bayan mako uku ta koma kan keke, don masu kaya sun yi haƙuri iya haƙuri. Ina zaune a ƙofa. Ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura wajen hasken taga, ta ƙanƙance ido. Sai ga su. Duka biyun, a tsaye, da zurfinsu, kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba.

Rediyo guda, na rasa abin faɗa. Amma ta ji a fatarta. Ta ajiye allurar, ta tashi ta je gaban madubi, ta haɗe gira, ta saki, ta sake haɗewa.

"Yanzu kuka ga damar zuwa," ta ce musu.

Ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Na so ta faɗa, ko da sau ɗaya, da tef ɗin awo da komai. Da na tayar da maganar sai ta ce, "Kai ka soka allurar? Tashi ka kai wa mai tayoyi kayan matarsa."

Tana nan tana ɗinki. Jijiyoyin ƙafar sun ƙaru, ta ce ko a jikinta. Rigar mai maɓalli shida tana ƙasan akwati. Ni na samu aiki a wani shagon buga takardu, wata bakwai ke nan ban bari ba, har ta fara zargin ko ba ni da lafiya.

Ran nan da safe muna shan shayi, ban san lokacin da na tsoma jiƙaƙƙen cokali a sukari ba. Wallahi ba da gangan ba. Na ɗago na ga layin dogo a gabana. Hannuna ya tashi da kansa.

Ta riƙe shi a iska, ba ta doke ba. Ta mayar mini da shi kan tebur a hankali.

"Ba naka ba ne," ta ce. "Sha shayinka."